Faifan 'Yan Matan Sledge: Na Mai Kiɗa Ne Ko Na Mai Rerawa?

A watan Janairun 1979 kamfanin Cotillion, wani reshe na Atlantic Records a Amurka, ya fitar da faifan We Are Family mai waƙoƙi takwas. Sunan da ke jikin bangonsa shi ne Sister Sledge, 'yan mata huɗu uwa ɗaya uba ɗaya daga birnin Filadelfiya: Debbie da Joni da Kim da autarsu Kathy. Faifan ya hau mataki na uku a jadawalin Billboard, an sayi fiye da kwafi miliyan ɗaya, kuma shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba a daina juya waƙoƙinsa a wuraren biki ba. Amma duk wanda ya bi abin da masu sharhin kiɗa suke rubutawa a kansa zai lura da wata ɗabi'a. Da sun ambaci 'yan matan a layin farko sai su sallame su, su koma kan Nile Rodgers da Bernard Edwards, jagororin ƙungiyar Chic, waɗanda suka rubuta waƙoƙin suka tsara kiɗan. Har ta kai ana kiransa faifan Chic mafi kyau, wanda sunan wasu ya hau bangonsa bisa tsautsayi. Ra'ayina shi ne wannan hukunci ya tauye haƙƙi, kuma tushensa rashin fahimtar abin da ake kira waƙa. Sunan da ke bangon nan a gurbinsa yake, hujjar kuwa tana cikin faifan, tana kuma cikin yadda su Rodgers ɗin da kansu suka zaɓi su yi aikin.

A fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Rodgers da Edwards su suka rubuta waƙoƙin takwas, kalmomi da karinsu, kuma makaɗansu ne suka kaɗa su a sutudiyon Power Station da ke New York a 1978, daidai lokacin da tauraruwarsu take haskawa. A ƙarshen wannan shekara waƙarsu Le Freak ta kama mataki na ɗaya a Amurka, ta yi kasuwar da Atlantic bai taɓa ganin irinta ba. Hannunsu kuwa ba ya ɓuya. Wanda ya saurari buɗewar He's the Greatest Dancer zai ji jitar Rodgers tana yanka sauti gutsi-gutsi, hannun dama yana kai-komo ba tsayawa, na hagu yana danne tsirkiya yana saki, har jitar ta koma yin aikin ganga. A ƙarƙashinta jitar bes ta Edwards tana tafiya da nata karin, Tony Thompson yana dukan ganga da nauyin hannu irin na maƙeri, sai gogen Turawa su leƙo daga sama su yi shara su fita. Babu cunkoso, kowane abin kiɗa an bar masa fili ya sha iska. Rodgers ya faɗa da bakinsa cewa a duk abin da suka yi shi da abokinsa, wannan faifai ne ya fi cika. Ba mai musun haka. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya sa aikin Chic mafi cika ya kasance wanda ba 'yan Chic ne suka ja waƙarsa ba?

Zargin da ake yi wa ƙungiyoyin disko, cewa 'yan tsana ne a hannun furodusa, yana da asali. Ruwa ba ya tsami banza. Masu sauraro a Afirka sun san Boney M, da yawa sun tashi suna kallon Bobby Farrell yana tsalle yana motsa baki, alhali muryar namijin da ke cikin faya-fayan ta furodusansu ce, Bajamushe Frank Farian. Shi ne kuma ya haɗa Milli Vanilli, waɗanda aka ƙwace wa kyautar Grammy a 1990 da asiri ya tonu cewa ba su ne suka rera faifansu ba. Village People ma furodusa Bafaranshe Jacques Morali ne ya fara ƙirƙiro siffar, sannan aka nemo masu sa kayan. Disko an gina shi ne don filin rawa, inda mai juya faifai yake sarƙa waƙa da waƙa ba ya faɗin sunan kowa, sai murya ta zama kamar ɗaya daga cikin kayan kiɗa, a cire wannan a sa waccan. Daga nan masu sharhi suka koyi duba bayan faifai, inda ake jera masu tsarawa, su yi watsi da gabansa. Al'adar ta yi rana a inda ta dace. Illarta ita ce ta zama mudun da ake auna kowa da shi, har da waɗanda suka shigo sutudiyo da sana'arsu a hannu.

'Yan matan Sledge kuwa da sana'arsu suka zo. Kakarsu Viola Williams, wadda ta yi waƙar opera, ita ta horar da muryoyinsu tun suna ƙanana, a coci suka fara tsayawa gaban jama'a, kuma tun 1971 suke aiki da wannan suna. A Satumbar 1974, Kathy tana 'yar shekara 15, sun hau dandali a Kinshasa a bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, bikin da James Brown da Miriam Makeba da B.B. King suka yi wasa a cikinsa. Sun yi faifai biyu kafin Chic, Circle of Love a 1975 da Together a 1977, sun ɗan samu kasuwa a Birtaniya da Japan, a gida Amurka kuwa abin bai kankama ba. Wato sanda suka haɗu da su Rodgers sun yi shekara bakwai suna zagaya dandali, sun san yadda ake riƙe taro, waƙar da ta dace da su ce ba su samu ba. Kuma Chic ne suka zaɓe su. Shugaban Atlantic na lokacin, Jerry Greenberg, ya buɗe wa samarin biyu jerin mawaƙan kamfanin ya ce su ɗauki wanda suke so, suka kauce wa manyan, don in suka yi wa shahararre waƙa ta karɓu za a ce shaharar tasa ce ta ja. Masu cewa faifan na Chic ne suna kafa hujja da wannan labari: ga shi nan, da gangan aka nemo marasa suna don a nuna gwaninta. Haka ne. Sai dai niyyar mutum daban, abin da ya fito daga aikinsa daban.

Abin da ya faru a cikin sutudiyon ya fi komai nauyi a wannan muhawara. Kathy Sledge ta sha ba da labarin cewa ba a barinsu su ji waƙa sai ranar da za su rera ta. Su kuwa sun saba da bita, a zauna a raba muryoyi a maimaita har sai ta zauna, irin tarbiyyar da kakarsu ta yi musu, don haka tsarin bai yi musu daɗi ba. Waƙar We Are Family a ɗauka ɗaya aka naɗe ta. Yarinya 'yar shekara 19 tana tsaye gaban makirufo, na'urar jin sauti a kunnenta, Edwards yana faɗa mata layi na gaba ta cikin na'urar, ita kuma tana rerawa nan take, ba ta san inda waƙar za ta kai ta ba. Ana yawan kawo wannan labari a matsayin shaidar cewa aku ce, an faɗa ta maimaita. Ni akasin haka nake gani. Mutum biyu da ba sa barin ko bugun ganga ɗaya ya faɗi inda ba su so ba, me zai sa su ɓoye wa mawaƙiya waƙarta? Da maimaici suke nema, da sun ba ta kaset ta tafi gida ta haddace, don wanda ya haddace ya fi kowa iya maimaitawa. Sun hana ta bita ne domin suna farautar abin da ba za su iya sa wa a takarda ba: yadda murya ke karɓar kalma a karon farko, inda za ta ja, inda za ta karya, inda za ta sassauta. Edwards yana iya zuba mata kalmomi a kunne, wannan kuwa ba shi da shi balle ya zuba. Wanda ya ɗana tarko ai ya yarda abin da yake so ba ya hannunsa.

A ɗauko manyan waƙoƙin rawa na Chic a kwatanta. A Le Freak ko Good Times, mawaƙansu irin su Alfa Anderson suna rerawa ne baki ɗaya, a datse, kalma-kalma, babu jan sauti, babu wadda ta fito ta nuna kanta. Da gangan ne. Chic ƙungiya ce da ta zaɓi ɓoye fuska, har faifansu na farko a 1977 hoton wasu mata masu tallan kayan ƙawa aka sa a bangonsa maimakon na makaɗan. Kyan wannan salo a sanyinsa yake. To a juya We Are Family ta cikin faifai, mai tsawon fiye da minti takwas, a bar guntuwar da ake sakawa a rediyo. Baitocin da aka rubuta suna ƙarewa tun kafin a kai rabi. Abin da ya rage gindin waƙa ne yana ta juyawa, kiɗa yana ja da baya yana dawowa, Kathy kuma tana hawa kansa da muryar nan tata mai ɗan kaushi, tana kira ana amsawa, tana sako magana daga kanta, ta ɗaga ta sauke, yadda jagoran mawaƙan cocin baƙar fatar Amurka yake jan taro. Ruhin waƙar a wannan rabin na biyu yake, kuma alƙalami bai rubuta shi ba. Haka Thinking of You: kalmomin soyayya ne 'yan kaɗan irin waɗanda aka ji sau dubu, a takarda ba za su tsayar da kowa ba, muryar ce take sa mai sauraro ya yarda yau aka fara faɗinsu. Joni ta ja Lost in Music da murya mafi natsuwa, Debbie ta ja You're a Friend to Me, Kim ta rufe faifan da One More Time, murya huɗu masu kama da juna, kowace da halinta. Wannan ne ya sa ake lissafa faifan a cikin kiɗan sol baya ga disko. Sol kuwa, in an tuɓe masa ado, sunan wani irin rerawa ne da ya fito daga coci, tsarin jita bai isa ya samar da shi ba.

Mai ja zai ce: in haka ne, ina muryoyin suke a 1975 da 1977, kuma ina suka tafi bayan 1979? Tambaya ce mai ƙarfi, amma takobi ne mai kaifi biyu. A 1980 an sake haɗa tawagar, marubuta su ne, makaɗa su ne, aka yi Love Somebody Today, faifan bai kama ƙafar na farko ba a kasuwa. Da hannun Chic kaɗai ke mayar da ƙasa zinariya, da ya mayar a karo na biyu. Wanda suka yi wa Johnny Mathis a 1981 ma kamfaninsa kulle shi ya yi a sito, bai ga rana ba sai bayan fiye da shekara talatin. Kasuwa tana auna lokaci kamar yadda take auna gwaninta. Tsakanin faifan farko da na biyu da suka yi da Chic akwai daren 12 ga Yulin 1979, sanda wani mai shirin rediyo, Steve Dahl, ya gayyaci jama'a filin besbol na Comiskey Park a Chicago, wanda ya kawo faifan disko ya shiga a santi 98. Aka tara faya-fayan a tsakiyar fili aka tarwatsa su da nakiya, dubban matasa, mafi yawansu farar fata, suka ɓarke cikin filin, har wasa na biyu da aka shirya a daren ya gagara. Cikin 'yan watanni gidajen rediyo suka juya wa duk abin da ake kira disko baya, guguwar ta kwashe Chic da 'yan matan tare. Bayan Good Times, Chic ba su sake samun waƙa a sahun gaba da sunansu ba, kuma ba wanda ya ce wannan ya nuna Rodgers bai iya jita ba. Don me za a karanta faɗuwar kasuwar 'yan matan a matsayin shaidar cewa ba su da nasu? Ba su ma ɓace ba. A 1982 sun tsara faifai da kansu, My Guy ɗin da suka sabunta a ciki ta shiga cikin talatin na farko a Amurka, a 1985 kuma Frankie ta yi mako huɗu a mataki na ɗaya a Birtaniya, ko da yake adalci ya sa a faɗa cewa ita wannan Rodgers ne ya tsara ta.

Akwai hujjar da ta fi wannan ciwo. A jerin sunayen da ke bayan faifan 'yan amshin Chic suna nan, cikinsu har da Luther Vandross tun kafin ya yi suna, ma'ana amshin da duniya ta ɗauka na 'yan gida ɗaya ne akwai muryoyin haya a cikinsa. Kalmomin waƙar zumuncin kuma maza biyu ne suka rubuta su tun kafin su san 'yan matan, daga bayanin da Greenberg ya yi musu na yadda suke manne da juna. Ashe ke nan zumuncin ma haja ce da kamfani ya ƙulla ya sayar? Amsar tana cikin abin da ya riga wani. 'Yan matan suna nan kafin waƙar, an auna su ne aka ɗinka, kuma tela komai gwanintarsa ba shi ya halicci jikin ba. Da mawaƙan haya huɗu ne suka fito da ita, kalmomi da kari ba za su canza ba, amma da ta zama ƙarya mai daɗi. A bakin Kathy magana ce game da yayyenta uku na jini. Batun 'yan amshi kuwa Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani: ba a taɓa raba Shata da waƙarsa don 'yan amshi da makaɗan kalangu suna da hannu a ciki ba. A wajenmu ma jagora ne ke kwashe suna a manta da makaɗa, a disko sai aka kifa abin.

Jama'a kuma sun nuna abin da suka ɗauka daga waƙar. A kakar wasa ta 1979 ƙungiyar besbol ta Pittsburgh Pirates, da dattijon 'yan wasanta Willie Stargell a gaba, ta mayar da We Are Family takenta, a Oktoba kuma ta farfaɗo bayan an rinjaye ta da wasa uku da ɗaya, ta lashe gasar World Series a hannun Baltimore Orioles. A filin besbol aka tarwatsa disko a Yuli, a filin besbol dubban mutane suka rera shi wata uku bayan nan. 'Yan kallo ba su da jita ba su da goge, abin da maƙogwaro ya yi shi suke iya ɗauka su tafi da shi gida. Good Times a tsakiyar wannan shekara ta fito, amma abin da duniya ta ɗiba daga cikinta tafiyar bes ɗin Edwards ce, wadda Sugarhill Gang suka ɗora Rapper's Delight a kai. Ta Chic an gaje ta ta wajen kiɗa, ta 'yan matan ta wajen baki. Ba kullum abin yake tafiya haka ba: da Will Smith ya gina Gettin' Jiggy wit It a kan He's the Greatest Dancer a ƙarshen shekarun 1990, jitar ya ɗauka ya bar muryar. Wannan waƙa ɗaya in an ce ta Rodgers ce ba zan yi dogon musu ba. Ita ce ma wadda 'yan matan, da yake a coci suka tashi, suka nemi a canza wasu kalmominta aka ƙi.

Wannan ƙin ya kai mu ga abin da ke raba suna a harkar kiɗa, wato iko. A 1980 Rodgers da Edwards sun yi wa Diana Ross faifai da irin tsarin nan nasu. Da ta saurara ba ta gamsu ba, sai ita da injiniyan kamfanin Motown Russ Terrana suka sake haɗa sautin, aka rage tsawon kiɗa aka turo muryarta gaba, su Rodgers suna ji suna gani. Faifan, mai ɗauke da Upside Down da I'm Coming Out, ya yi gagarumar kasuwa, kuma ba kasafai ake jin mai cewa sunan Diana bisa tsautsayi ya hau shi ba. Marubuta ɗaya, makaɗa ɗaya. Bambancin shi ne ita in ta ce a'a ana saurara, Kathy kuwa yarinya ce da ƙungiyarta ba ta taɓa yin babbar waƙa a gida ba. Mizanin da ke ba mai iko mallakar muryarta ya hana marar iko, wani abu yake aunawa ban da fasaha. Mai karatu da ya tashi da fina-finan Indiya ya san a yawancin waƙoƙin Lata Mangeshkar wani ne ya rubuta baiti, wani ya tsara kiɗa, wata ce ma take motsa baki a majigi, amma waƙar Lata ake cewa. Ummu Kulsum ta Masar irin su Ahmad Rami ne suke rubuta mata, Riyad al-Sunbati ya yi kari, kuma babu Balaraben da zai yarda a ce ita kwalba ce da aka zuba turaren wani. Waƙar Respect Otis Redding ne ya rubuta ya kuma fara rerawa a 1965, tun da Aretha Franklin ta taɓa ta a 1967 ta bar hannunsa. A duk waɗannan mun yarda rerawa ƙirƙira ce. Sai an zo kan 'yan mata huɗu masu waƙar rawa ake tuna akwai marubuci, kuma ina zargin raini biyu ne suka haɗu, wanda ake yi wa kiɗan rawa da wanda aka daɗe ana yi wa ƙungiyoyin mata.

Kada a ɗauka gardamar suna ce kawai. A Amurka dokar haƙƙin mallaka ta raba waƙa gida biyu, rubutacciyar waƙa da sautin da aka naɗa. Gidajen rediyon da ke watsa shiri ta iska suna biyan marubuta da kamfanonin da ke riƙe musu haƙƙi, wanda ya rera kuwa ko kwabo. Sai a 1995 aka yi dokar da ta buɗe wa masu sautin ƙofa, ita ma a kafofin dijital kawai, alhali ƙasashe da yawa, har da Birtaniya, suna biyan ɓangarorin biyu. Wato duk juyin da We Are Family ta yi a irin waɗannan gidajen rediyo tun 1979 kuɗinsa sunan Rodgers da Edwards ya bi, mintocin nan da Kathy ta ƙaga daga kanta ba su da gurbi a takardar. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan gardin ma ya yi aiki, dokar ce ta ƙi ganin kurar, kuma haka su Rodgers suka tarar da ita. Doka tana buƙatar abin da za a rubuta a ajiye, shi ya sa ta fifita alƙalami. Mai sharhi ba shi da wannan uzuri. In ya ce faifan na Chic ne, hukuncin akawu yake maimaitawa yana zaton na kunne ne. An kuma ga inda tunanin yake kaiwa in an sakar masa linzami. A 1990 muryar Martha Wash ce ta ɗauki waƙar C+C Music Factory da ta mamaye filayen rawa, a bidiyo kuwa wata aka sa tana motsa baki, sai da Martha ta kai ƙara kotu.

Masu shakka suna da abu ɗaya da suke ajiyewa sai ƙarshe: ai zumuncin ma bai ɗore ba. Kathy ta fita daga ƙungiyar a 1989 don ta yi waƙa ita kaɗai, an samu saɓani kan amfani da sunan Sister Sledge, kuma a 2015 da Fafaroma Francis ya ziyarci Filadelfiya, garinsu, uku ne suka tsaya gabansa babu ita. Ban ga abin da wannan ya rage wa faifan ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, rigimar gado kuma sai 'yan gida ɗaya. Mawaƙan haya in kwantiragi ya ƙare kowa gabansa yake kamawa, su kuwa abin da suka yi jayayya a kai sunan mahaifinsu ne. Edwards ya rasu a Tokyo a 1996, Thompson ya bi shi a 2003. Rodgers ya ci gaba da zagaya duniya da sabuwar Chic, We Are Family tana cikin waƙoƙin da yake kaɗawa, kuma duk daren da ya kaɗa ta sai wata mai murya ta tsaya a inda Kathy ta tsaya. Joni ta rasu ranar 10 ga Maris 2017 tana da shekara 60. Kafin watan ya ƙare, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya waƙar cikin rajistar sautukan da ƙasar ta ga ya wajaba a adana, sunan da aka rubuta a gabanta kuwa Sister Sledge.